Mai Amsa Wasiƙun Kawu Tela

Litinin, 3 ga Maris

A taron safe aka faɗa mana: za a kashe Kawu Tela. Ciwon zuciya ne zai ɗauke shi a kan keken ɗinkinsa, Alhamis ta ƙarshen wata. Shekara ashirin da biyu yana zaune a ƙofar gidan nan na cikin shirinmu na talabijin, awo a wuya, kowa na kawo masa yagaggen kaya da yagaggen aure, ya gyara duka biyun kafin a tafi talla. Shugabar shiri ta ce masu talla matasa suke so yanzu. Ta ce kada maganar ta fita.

Duk ɗakin suka waiwayo suna kallona, sai ka ce ni aka yi wa rasuwa.

To, kusan hakan ne. Shekara goma sha huɗu ni nake amsa wasiƙun da mutane ke rubuto wa Kawu. Ba wa ɗan wasan suke rubutawa ba, wa Kawu da kansa, kamar yana nan a wata unguwa yana jira. Dokar gidan talabijin ɗin ce tun farko: duk wanda ya rubuto a takarda, a ba shi amsa a takarda, a buga hatimin Kawu a ƙasa. Na sa hannu cewa ba zan faɗa wa kowa ba, ban kuma faɗa ba. A gida ma an ɗauka ni magatakarda ne kawai mai jera fayil.

Jiya na kafa wa Baba talabijin a ɗakinsa. Kullum ƙarfe bakwai rigima ce a falo, shi yana son Kawu, yara na son ƙwallo, ga kujerar na sa masa ciwon baya. Yanzu sai ya kalla daga gado abinsa. Ya ce, “An gode.” Na ji daɗin kaina sosai.

Laraba, 5 ga Maris

A motar haya da safe mata biyu suna musu ko Kawu zai yafe wa ɗan hayar da ya sayar da almakashinsa. Ɗaya ta ce ai Kawu ba ya riƙo. Ta faɗa da yaƙini, kamar sun yi maƙwabtaka. Ni kuwa ina riƙe da ƙarfen motar, ina sane da ranar mutuwar mutumin.

Na tuna shekarar da aka kwantar da shi asibiti a shirin. Sai da mai gadi ya ware kwali don magungunan da mutane ke kawowa ƙofa. Wata tsohuwa ta zo da yadi huɗu, wai shi kaɗai ta yarda ya ɗinka wa jikarta. Ɗan wasan kuwa ko zare bai iya zura wa allura ba, hannun wani ake ɗauka a nuna.

Wasiƙu bakwai yau. A da har ɗari nake samu a mako. Yanzu sai tsofaffi.

Alhamis, 6 ga Maris

Falo shiru da yamma. Yara sun samu ƙwallonsu. Na ce wa maman yara, kin ga dabara. Ta ci gaba da naɗe kayan wanki.

Litinin, 10 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Akwai wani da ke rubutowa duk wata, shekara shida ke nan. Da na’ura ake buga masa, adireshinsa shagon wani mai buga takardu ne kusa da tasha, yana sa hannu da “Mai Zaman Taga”. Cikin masu rubutowa duka shi na fi so. Matarsa ta rasu, yana zaune gidan ɗansa, yana da barkwanci a bushe, ba ya roƙon komai. In na ga ambulan ɗinsa nakan ajiye shi sai ƙarshe, in haɗa shayi tukuna.

Yau ma na haɗa shayin. Ga abin da ya ce, na kwafo:

“Kawu, an sallame ni daga falo. Ɗana ya sayo mini talabijin ya kafa a ɗakina ranar Lahadi, har ya naɗe rimot ɗin da leda kada in ɓata. Yaron kirki ne, ba zai iya ce mini na ishe su ba, shi ya sa ya faɗa da kuɗinsa. Awa ɗayan nan ta ƙarfe bakwai ita kaɗai nake zama cikin mutane. Na yi magana da ’yata ta zo ta ɗauke ni farkon wata mai zuwa. Amma ban yanke ba sai na ji ta bakinka. In tafi ko in zauna?”

Ni na naɗe rimot ɗin. Da farar leda, har na ɗaure da roba.

Shayin ya huce a nan. Mai shara ta shigo ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Talata, 11 ga Maris

Na kulle ofis da rana na sauko da fayil ɗinsa. Wasiƙa sittin da takwas, kowacce da kwafin amsata a manne.

Duk abin yana nan, ni ne dai ban gani ba. Bai taɓa faɗin sana’arsa ba, amma ya ce hannunsa ya fara rawa har ya ajiye aikin da ke buƙatar ƙananan ƙarafa. Shekara arba’in Baba na gyaran agogo. Ya ce matarsa ta rasu da damina. Ya ce ɗansa ma’aikacin ofis ne, yana shigowa ya ce “Baba, an wuni lafiya,” kafin a amsa ya wuce. Mutum nawa ne a garin nan ke da ɗa irin wannan? Dubbai, shi ya sa ban kawo komai ba. Haka dai nake faɗa wa kaina tun ɗazu.

Abin da ya fi ƙona ni amsoshina ne. Shekara uku da suka wuce na rubuta masa: “Ɗan’uwa, wannan ɗan naka bai kyauta ba. Ciyar da uba daban, zama da shi daban. Da zai zo shagona da na ja masa kunne.” Na tuna ranar. Har na karanta wa kaina jimlar sau biyu don ta yi mini daɗi.

Shi kuma a wata na gaba ya kare ni. Ya ce kada Kawu ya ga laifin yaron, tun yana ƙarami haka yake, maganarsa a ciki take tsayawa, gado ya yi.

Na je banɗaki na wanke fuska. Kunya nake ji, irin wadda ban ji ba tun ina makaranta.

Laraba, 12 ga Maris

Na tambayi maman yara ina Baba ke zuwa in ya fita. Ta ce duk Laraba yana cewa zai miƙe ƙafa zuwa tasha. Ta ce, “Yau ka san yana fita?”

Da yamma na biya ta gaban shagon. Ɗan ƙaramin wuri, kwamfuta ɗaya, benci ɗaya. Ban shiga ba.

Juma’a, 14 ga Maris

Yaya ta kira ina tsakiyar aiki. Ko gaisuwa ba ta gama ba: “Me kuka yi wa Baba?” Na ce ba komai. Ta ce ba komai ne zai sa tsoho ya ce a zo a ɗauke shi ranar biyar ga wata? Ta ce ita ba ta ƙi ba, amma ɗakinta hawa na uku ne, ba lif, kuma likitansa yana nan wajenmu. In ya hau benen nan ba zai ƙara saukowa ba sai dole.

Ta ce, “Ka yi masa magana mana, kai da kuke gida ɗaya.” Na ce to.

Saura mako uku.

Litinin, 17 ga Maris

Na rubuta amsar. Minti goma ta ɗauke ni, ta kuma yi kyau, wannan ba yabon kai ba ne. Na fara yadda Kawu ke farawa, “Ɗan’uwa, zauna tukuna.” Na ce talabijin ɗin ƙauna ce da ba ta iya magana ba. Na ce ya zauna, ɗansa na bukatarsa fiye da yadda ya sani.

Kuma zai zauna, na tabbata. Fayil ɗin ya nuna mini. Maganin hawan jinin da na yi wata biyu ina fama ya sha, ashe ranar da Kawu ya ce ya sha ya fara sha. Ni kuma a lokacin na ɗauka nacina ne ya yi aiki.

To me ya hana ni aikawa? Na buga hatimi, na liƙe, na manna kan sarki. Sai na tsaya da ita a hannu gaban kwandon wasiƙu masu fita. Mutumin nan ya tambayi abokinsa ne don ya yi imani abokin ba shi da ɓangare. Ni kuwa ni ne wanda ake ƙara, ni ne alƙali. Shekara shida ban sani ba, wannan da sauƙi. Yanzu na sani.

Kuma ko ya zauna, bayan kwana goma Kawu ya mutu. Sai ya zauna da wa?

Wasiƙar tana cikin durowa.

Laraba, 19 ga Maris

An ɗauki fitowar mutuwar yau. Sau biyar ya mutu kafin darakta ya gamsu, sau ɗaya ma atishawa ta kama shi yana gawa.

Bayan an tashi na sami ɗan wasan a ɗakin kwalliya yana goge furfurar da ake shafa masa a gira. Shekara goma sha huɗu ina sa kalmomi a bakinsa, ba mu taɓa magana ta wuce ta gaisuwa ba. Ban san me ya kai ni ba. Na ce ina da wata wasiƙa mai wuya, ban faɗi ta waye ba.

Ya yi dariya ba daɗi. Ya ce, “Malam, ni kake tambaya? ’Ya’yana uku, babu mai ɗaukar wayata sai ƙaramar, ita ma in ta ga dama. A kasuwa mutane na riƙe hannuna suna kuka, in dawo gida in ci abinci ni kaɗai a tsaye.” Ya ce bai taɓa karanta ko ɗaya daga cikin wasiƙun ba, tsoro yake ji. Ya ce wani lokaci mutum zai tare shi ya ce na gode da abin da ka rubuto mini, ya gyara mini gida, sai ya ce ba komai, ya yi sauri ya shiga mota.

Ya tambaye ni me zan yi in an rufe ofishina. Na ce an ce za a mai da ni sashen rajista. Ya ce, “Kai da sauƙi, kai ba a san fuskarka ba.”

Ya ba ni tausayi. Ban zaci haka ba, don na daɗe ina ganin yana cin yabon da ni na yi wa aiki.

Alhamis, 20 ga Maris

Na shiga ɗakin Baba da niyya. Na zauna bakin gado. Na ce famfon banɗakinsa na ɗiga ne? Ya ce a’a. Na ce to madalla. Muka kalli bango. Jakarsa tana kan kujera, an riga an jera rabin kaya.

Shafi uku nake rubuta wa baƙo ba tare da na ɗaga biro ba.

Asabar, 22 ga Maris

Na karya alkawarin ofis, na faɗa wa maman yara komai. Tana wanke-wanke. Da farko dariya ta yi har ta dafa bango. “Kai? Kai ne Kawu? Kai da sannu ma sai an ja ta daga bakinka da igiya?” Ta ce ƙanwarta ma ta taɓa rubutawa, har ta sa amsar a firam. Na ce na sani, na gane rubutun.

Da na kai kan Baba sai ta kashe famfo. Ta ce ita tun ranar da na shigo da kwalin talabijin ɗin ta san za a yi haka, ta so ta faɗa, ta ga ina ta murna. Ta ce duk yamma in an fara waƙar shirin yakan buɗe ƙofarsa kaɗan, yana kallon nasa, yana jin hayaniyar yara daga falo.

Na ce in aika wasiƙar? Ta ce, “Tsakanin ɗakinka da nasa taku nawa ne, da har sai gidan waya ya shiga?” Na ji haushi. Na fita wanke mota, alhali jiya aka wanke ta.

Litinin, 24 ga Maris

Wata wasiƙar ta zo daga Baba, layi biyu. “Kawu, na ji shiru, ba halinka ba ne. In ba ka da lafiya Allah ya ba ka, in kuma shirun ne amsar, na gane.”

Alhamis, 27 ga Maris

Na bar ofis ƙarfe biyar, ban nemi izini ba.

Bakwai saura kwata na shiga ɗakinsa. Na ce talabijin ɗin nan tana da matsala, kamfani ya ce a cire. Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce, mutumin da ya yi shekara arba’in yana gane abin da ya lalace daga sauti. Na durƙusa bayan kabad ina laluben soket. A nan, fuskata na kallon bango, ƙura na shiga hancina, na ce, “Baba, falon ba daɗi in ba ka. Ni ne ban iya ba. Kada ka tafi.”

Muryar ma ba tawa ba ce, wata siririya ce. Ba ko ɗaya daga cikin jimlolin nan masu kyau da ke durowa.

Can ya ce, “Ɗauko mini sandata.”

Maman yara ta riga ta ƙwace rimot daga hannun yara. Ya zauna a kujerarsa, na cusa masa matashi a baya, na zauna gefensa. Rabona da in kalli shirin daga farko har ƙarshe na manta, takardun labarin kawai nake karantawa. Baba ya riƙa yi mini bayani ƙasa-ƙasa, wannan ce matar mai gidan, wancan ɓarawo ne amma Kawu na rufa masa asiri. Ina cewa to, to. Na san abin da ke zuwa, kuma ban shirya Baba ba.

Kawu ya cire tabarau, ya ɗora kai a kan keken kamar mai gyangyaɗi. Yarinyar da ta zo karɓar ɗinki ta yi ta kiransa. Ba kiɗa, ba komai. Sun iya aikinsu, ba zan hana su ba.

Daga gidan maƙwabta muka ji wata ta fashe da kuka. Baba bai yi kuka ba. Ya daɗe yana kallon sunayen da ke wucewa, sannan ya ce, “Ashe shi ya sa.” Ƙaramar ’yata ta ce shi ya sa me, Kaka? Ya ce ba komai.

Hannunsa na kan sanda. Na ɗora nawa a kai. Bai janye ba, ni ma ban san yadda ake janyewa ba, muka zauna haka har aka gama labarai.

Juma’a, 28 ga Maris

Ƙofar gidan talabijin ba ta shiguwa. Teloli sun rufe shaguna sun zo da awo a wuya. Wani ya kafa hoton Kawu jikin katanga mutane na sa hannu a ƙasa. Wata mata ta kama rigata tana tambaya ina za a yi zaman gaisuwa. Ɗan wasan ta ƙofar baya aka fitar da shi, kwance a kujerar mota.

Shugaba ta ba ni takarda guda da za a buga a aika wa duk masu rubutowa, mun gode da kasancewa tare da mu, da sauransu. Ta karɓi hatimin.

Na yaga wasiƙar nan ta cikin durowa. Na cire kan sarkin tukuna, hali ba ya barin mutum.

Lahadi, 30 ga Maris

Jakar tana nan yadda take. Bai ƙara kaya ba, bai cire ba. Bai ce komai ba game da abin da na faɗa bayan kabad, har na fara tunanin ko bai ji ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Bai fita tasha ba yau. Da na dawo ya kira ni ɗakinsa, ya ce in zo da biro da takarda. Ya ce akwai wasiƙar da yake so in kai wurin aikinmu, tunda hanyata ce. Ya ce ya saba rubuta wa Kawu lokaci-lokaci. Ya faɗa yana kallon taga. Na ce to.

Ya yi shifta, ina rubutawa a kan gwiwata.

“Kawu, Allah ya jiƙanka. Na san wasa ne, ban rikice ba, amma na yi rashi. Shekara shida ka saurare ni. Tambayar da na yi maka ba sai ka amsa ba, an amsa mini a gida. Yaron ya yi magana. Bango ya faɗa wa, amma na ji. Ni ma ban taɓa ce masa komai ba tun rasuwar uwarsa, sai in kwashe in kawo maka, wannan laifina ne. Na fasa tafiyar.”

A nan biro ya tsaya mini. Ya ce, “Ka rubuta?” Na ce ina rubutawa.

Ya sa na karanta masa daga farko. Na karanta, na sarƙe sau biyu. Ya ce rubutuna ya fi na mai shagon tsabta. Ya karɓa ya sa hannu da kansa, da ƙyar, harafi na hawa kan harafi.

Ya ce, “Ko da ya mutu, ai akwai wanda zai karanta a can ko?” Na ce akwai. Ya dube ni ya daɗe, irin kallon da yake wa agogo kafin ya buɗe bayansa. Sannan ya ce in sauke masa jakar nan daga kujera, tana tare masa wuri.

Ban faɗa masa ba. Ban san ko zan faɗa ba. Ban kuma san abin da ya sani ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Yaya ta zo duk da haka, ta ce ta riga ta sayi tikiti. Ta ci abinci, ta yi mana faɗa ni da Baba a jere, ta koma ita kaɗai da mota ta yamma.

Shirin in babu Kawu ba wani abu ba ne. Baba ya ce matar mai gidan ce za ta gaji keken, na ce ba yadda za a yi, yarinyar ce. Muka yi ta musu har maman yara ta leƙo daga kicin ta ce muryar wa take ji haka. Na san amsar, na ga takardun, ya fi ni gaskiya. Na dai ci gaba da musun.

Shugaba ta turo saƙo, akwai taro Litinin ƙarfe shida da rabi na yamma kan sabon aikina. Na ce ba zan samu ba, ina da uzuri a gida a wannan lokacin. Ta ce to Talata. Na ce Talatar ma haka. Ta tambaya ko lafiya.

Na ce lafiya lau, a sa shi da safe.